Daminar da Aka Kayar da Ni a Zaɓe

Asabar ɗin nan da ta wuce ruwa ya kama mu a fili, ni da yaran da nake koya wa motsa jiki. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara wasa da ledoji, kafin in ce a tattara kaya, ruwa ya ɓarke. Yara suka watse, kowa ya rungume wayarsa da gorar ruwansa ya nufi rumfar mai shayi. Ni kuwa na tsaya sororo a tsakiyar fili. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shige min hanci, sai ga wata damina ta faɗo min a rai, ta shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Tun ranar nake neman wanda zan ba labarin. Matata ta ce ta ji shi sau goma, ya ishe ta, don haka ku yi haƙuri, ku na samu.

Ku sani tun farko, ni ba wanda ya koya min aikin nan. Wallahi ba kowa. Shekarata sha takwas a lokacin, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Muna zaune a unguwar Nasarawa a Kaduna, gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya wanda iska kawai yake kawowa. Baba direban bas ne, Sabon Tasha zuwa cikin gari, amma a shekarar ya fi daɗewa a layin mai fiye da kan titi. Umma ce ke riƙe da gidan, da koko da ƙosai a ƙofar gida. To a cikin tsofaffin takardun da take saye don naɗe ƙosai na tsinci ilimina. Wani yagaggen littafi ne, ba bango, ba farko, ba ƙarshe, cike da zanen mutane suna lanƙwasa jiki. Wannan ya ɗaga ƙafa, wancan ya kwanta rub da ciki yana ɗaga jikinsa da hannu. Kafin in ankara Umma ta riga ta sayar da rabinsa da ƙosai a ciki. Akwai ranar da na bi wani dattijo har bakin masallaci ina roƙonsa ya cinye ƙosansa ya ba ni takardar. Ya kalle ni kamar na zare, amma ya ba ni, duk ta jiƙe da mai.

Sauran ilimin kuma a wurin sojoji na kwaso. Da sassafe sukan wuce ta babban titi a guje, a jere, ƙafa ɗaya, murya ɗaya, ƙasa har motsi take. Ni ina bakin kwalbati ina kallo baki buɗe. Na ce oh, yaya aka yi mutum talatin suka zama kamar mutum ɗaya? Wata rana sai na ga ɗaya daga cikinsu ya rage a baya. Babbansu ya daka masa tsawa, ya sa shi ya tsuguna, ya kama kunnuwansa, ya yi ta tsallen kwaɗo har ya cim musu. Na buga cinya na ce shi ke nan, na gano sirrin! Abin da ke haɗa kan mutane ke nan: tsoron zama na ƙarshe.

A cikin bazara na tara yara. Ku da kuka san bazarar Kaduna kun san abin da nake faɗa. Rufin kwano yana ƙara da rana tsaka don zafi, ƙurajen zafi sun feso wa kowa a wuya, rijiyar maƙwabta ta ja baya sai an haɗa igiya biyu. Mata na fita neman ruwa tun duku-duku. Yawancin samarin unguwa 'yan makarantar yamma ne, safiyarsu fanko ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na samu mutum goma sha shida, daga ɗan sha uku zuwa ɗan sha bakwai. Akwai 'yan layinmu, akwai 'ya'yan ma'aikatan kamfani na wajen Kudenda, akwai Nedu, ɗan wani bakaniken Ibo na Kakuri, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu. Akwai Sani Dogo, mai tsaron ragarmu a ƙwallo. Akwai kuma Bulus, ɗan kudancin Kaduna, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai an tambaye shi sau biyu.

Filinmu yana bayan wani kamfani da ya rufe a Kudenda, da bishiyar mangwaro a can ƙarshensa. Yau wurin duk gidaje ne, ko inda mangwaron yake ban iya nunawa. Ba mu da takalman gudu. Wasu silifas, wasu takalmin roba, wasu ƙafa tsirara. Na sayi usur, na rataya a wuya, na ce daga yau sunana Koci. Za mu ɗumama jiki tukuna, wannan kam har gobe ina alfahari da shi, kada ku taɓa sa yaro gudu jikinsa a sanyi. Sai mu yi abin da ke cikin takarduna. Daga nan sai babban abu: gudu daga katangar kamfani zuwa mangwaro, a zagayo, sau uku. Wanda ya zo na ƙarshe, tsallen kwaɗo ashirin, sauran suna ƙirga masa.

Kullum ni ne na farko. Kullum kuma, kusan kullum, Bulus ne na ƙarshe. Zai iso yana haki, leɓensa ya yi fari, ba zai jira in faɗa ba, sai ya tsuguna ya kama kunne. Ni kuma in tsaya a kansa ina cewa, "Lalaci ne, Bulus! Ga jiki kamar buhu amma ba zuciya!"

Ni fa a raina haɗa kai nake ginawa. Amma abin da nake gani daban. A wajen gudu sai a dinga ture juna, a sa wa juna ƙafa. Ba mai son na kusa da shi ya wuce. Ranar da Bulus bai zo ba, Sani Dogo ya zame ya faɗi, ya zo na ƙarshe. Ya yi tsallen kwaɗonsa daidai lokacin da 'yan mata ke wucewa da bokitan ruwa a kai, suka tsaya suna dariya. Ya gama, ya ɗauki silifas ɗinsa, ya ce, "Habu, ka riƙe sojanka." Bai sake dawowa ba. Sai wani ya bi shi. Sai wani. Na kasa gane abin da ke faruwa. Na koma ga takarduna na duba, ba amsa. Na ce ƙila ashirin ta yi kaɗan ne, shi ya sa ba sa jin tsoro, sai na mai da ita talatin.

Ana cikin haka ruwa ya sauka. Ruwan farko, iska ta yaye rufin bayan gidanmu ta kai shi layi na gaba. Da safe yara na tsintar shinge a gindin fitilu, gari ya yi sanyi, kowa ya yi ajiyar zuciya. Amma damina a wajenmu ba hutu ba ce. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Kananzir ya ɓace, sai murhun garin katako, shi ma in garin ya jiƙe sai hayaƙi kawai, ido ya yi ja, tukunya ta ƙi tafasa. Gidaje da yawa tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Da rana a jiƙa garin kwaki ba suga, ko a dafa rama a barbaɗa ƙuli-ƙuli. Kwatoci suka cika suka malalo cikin layi, sauro ya yi gari. Kamfanoni na ta rage ma'aikata, sai ka ga magidanci da hantsi zaune a kan benci da rediyo a kunne, mutumin da a da ƙarfe shida ya bar gida. Duk wanda ke da ɗan fili a bakin kogi ya koma masa da fartanya.

Ni duk wannan ina ganinsa, amma bai shiga cikina ba. Kun gane? Kullum kafin in fita, Umma za ta tura min kofin koko da gutsattsarin ƙosan da suka farfashe a kasko. Ban taɓa tambayar kaina me sauran suka ci kafin su zo ba. Bai ma zo min a rai cewa tambaya ce ba.

A daidai lokacin ne sojoji suka miƙa mulki. Ranar mun cika shagon aski muna kallo a talabijin, wuta ta ɗauke ana tsakiyar jawabi, muka ƙarasa a rediyo. Daga ranar kowa ya zama ɗan siyasa. Teburin mai shayi ya koma majalisa. Kwandasta ya faɗa maka kuɗin mota ka ce ba ka amince ba, yanzu farar hula ke mulki. A gidanmu har ƙuri'a aka kaɗa a kan wanda zai riƙa yashe kwata, aka zaɓi wani mai gyaran agogo da ba ya nan ranar.

Wata Laraba, an kwana ana yayyafi, fili ya yi santsi. Mun rage mu goma sha ɗaya har da ni. An gama gudu, Bulus ya zo na ƙarshe, ya tsuguna zai kama kunne. Sai Nedu ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, Bulus." Ya juyo gare ni. "Oga Koci, ba ka ji labari ba ne? Soja sun koma bariki. Saura kai."

Yara suka fashe da dariya. Na hura usur, ba wanda ya yi shiru.

"Wa ya zaɓe ka ma tukuna?" in ji Nedu. "Juyin mulki ka yi mana. Ka zo da usur kawai ka ce kai ne."

"Ni na kafa ƙungiyar nan!"

"Haka su ma suke cewa. Mu dai zaɓe muke so."

Na ce a yi mana, wa ke tsoro? A gaskiya na yi lissafina a zuci, kuma ina jin nauyin faɗarsa yau, amma zan faɗa. Masu zaɓe tara ne. Biyar 'yan layinmu ne, masallacinmu ɗaya. Huɗu 'yan coci. Na ce ko me za a yi, biyar da huɗu ne, na ci. Na tambaya wa zai kara da ni, ina zaton Nedu ne. Sai ya turo Bulus gaba.

"Ni?" in ji Bulus. "Ni ban ce ina so ba."

"Tsaya kawai, jama'a ce ta neme ka."

Ba mu da takarda, ba akwati. Aka ce a yi irin wanda muka taɓa gani muna yara: ɗan takara ya tsaya, mai sonsa ya je ya tsaya a bayansa. Na tsaya na ba su baya, na harɗe hannu a ƙirji, ina jin takun ƙafafu a cikin taɓo. Da aka yi shiru na waiwaya.

Ba kowa a bayana. Ko ɗaya. Ciyawa ce kawai da wata akuya can nesa. Su tara reras a bayan Bulus, har da Musa ɗan ƙanen Umma, wanda muke kwana ɗaki ɗaya, ya sunkuyar da kai yana wasa da ɗan yatsan ƙafarsa a ƙasa. Bulus kansa ya fi ni ruɗewa, sai waige yake kamar an biyo shi.

Wallahi ban gane ba. Wanda ya fi kowa gudu ya faɗi, wanda ya fi kowa nauyin ƙafa ya ci. Wane irin abu ne wannan? Na je gida na zauna a bakin murhu na zabga tagumi. Umma na kwashe ƙosai ta ce, "Kai kuma lafiya, kamar an aiko maka da rasuwa?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta aje matsami.

"To ba kai ka yarda a yi zaɓen ba?"

Baba yana wanke ƙafa, ya dawo daga layin mai ba mai, ya ce, "Da sai ka soke zaɓen mana. Yau aka fara?"

Su abin dariya ne. Ni kuwa ƙungiyata ce ke zamewa daga hannuna, abu ɗaya tak da na taɓa ƙirƙira a duniya. Na tabbata mako ɗaya ba za ta kai ba a hannun Bulus.

Washegari na je filin don in ga yadda za ta mutu. Aka tsaya ana kallon sabon shugaba. Ya sosa ƙeya, ya sosa kunne, can ya ce, "Ni ban san atisaye ba. Amma jibi Asabar kar a zo nan. A zo gonarmu a bakin kogi. Masararmu na son huɗa, Babana kuma ba ya iya sunkuyo tun da ya bar kamfani, bayansa ke ciwo. Mai garma ya zo da ita, mai fartanya ya zo da ita."

Na tafa hannu na ce, "Kun gani ko! Kun gani! Kwana ɗaya da hawa mulki ya mai da ku leburorin gidansu! Wannan shi ne farar hular da kuke so?"

Nedu ya ce, "Mai adawa yana da damar magana. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Na ce zan zo, don in zama shaida.

Daren Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba Umma ta tarar da garin katakonta ya zama kunu, itacen da ta ɓoye ƙarƙashin benci ma ya sha ruwa. Ta hura, ta fifita, sai hayaƙi. Ranar ba koko, ba ƙosai. Ta ce in jira ko wuta za ta kama. Na ce ba komai, ni Koci ne, na sha ruwa kofi ɗaya na ari garmar maƙwabcinmu na fita.

Gonar tana gangaren kogi bayan Kudenda. Kogin ya cika ya yi jawur, yana tafe da rassa da robobi. Masarar ta kai min gwiwa, sun yi shuka a makare, ciyawa ta shiga tsakani, ruwa kuma ya wanke ƙasar gindinta har saiwa ta fito. In ba a tara mata ƙasa ba, iska ɗaya za ta kwantar da ita. Maman Bulus na can ta riga mu, ta ɗaure zani a ƙugu, ta aza wata ƙatuwar tukunya a kan duwatsu uku a ƙarƙashin wata 'yar rumfa. Mace ce siririya, muryarta kuwa ana ji daga tsallaken kogi. Muka gaishe ta.

"Sannunku, 'ya'yana. Wanne ne Kocin?"

Aka nuna ni. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne kake sa min yaro yana dawowa gida yana tafiya kamar agwagwa?" Ba ta ma jira ta bakina ba. Ta jera mu a bakin gona, kowa da layin masararsa. Ta nuna mana yadda ake yi: ka sari ƙasa daga tsakiya, ka juye ta a gindin masara, hagu, dama, ka matsa gaba. Ta ce, "Irin na gida za mu yi. Kowa ya kama layinsa. Wanda ya fita, ba zama. Ya duba wanda aka bari a baya, ya zagaya ya kamo layinsa daga can ƙarshe, su haɗu a tsakiya. Tukunyar nan ba a buɗe ta sai layin ƙarshe ya ƙare."

Ni abin da kunnena ya ɗauka kawai shi ne "wanda ya fita". Na ce a raina, ashe ma tsere ne. Yau za su gane kuskuren da suka yi a zaɓe.

Na kama sara da ƙarfin tsiya. Taku goma na farko na wuce kowa. Sai na ji murya a bayana. "Ɗana! Kai Koci! Masarar kake huɗa ko yanka ta kake?" Na waiga, na sare guda huɗu, wasu kuma na binne su har kai. Ta sa na dawo na tone su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama an bar ni.

Rana ta fito bayan ruwa, irin mai zafin nan da ke tayar da tururi daga ƙasa. Taɓo ya manne wa garma, kowane sara kamar ina ɗaga bulo. Ƙuguna ya ƙage. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa ya fashe. Sai kuma wani abu da ban san shi ba ya zo. Cikina ya murɗa, ya yi ƙugi, sannan ya yi shiru, shirun ya fi ƙugin muni. Na ɗaga kai, masara ta zama biyu-biyu, wasu ƙananan taurari na yawo a gabana. Na yi azumi sau da yawa, amma da sahur a ciki, kuma a inuwa. Wannan daban ne. Na lashi leɓena na ji ya bushe ƙamas.

Maman Bulus ta zo wucewa da butar ruwa ta tsaya. "Ba ka karya ba ko?"

Na ce wuta ce ta ƙi kamawa a gida.

Ta ba ni ruwa. Ta nuna ɗanta da haɓa. "Wancan kullum haka yake zuwa wajenku. Sai ya yi min layi biyar a nan da asuba, ya ɗebo ruwa, sannan ya ruga filinku. Na ce ya bari, ya ce shi yana son atisaye." Ta karɓi butarta ta wuce, kamar labarin farashin gishiri ta ba ni.

Na kalli Bulus. Wai Bulus ɗin nan ne? Garma a hannunsa kamar cokali. Ba ya sauri, ba ya tsayawa, ƙasa na juyewa luf-luf a gindin masara. Ya fita layinsa tun ina kashi ɗaya cikin uku. Ya zagaya ya kama na Musa. Musa ya fita, su biyu suka kama na Nedu, wanda ke ta surutu yana cewa shi ɗan bakanike ne, hannunsa na sifana ne. Suna fita su uku suka rabu, kowa ya nufi wani. Sai wasa ya shiga, ana ihu, "Wa ya rage? Wa ya rage?" Ana tsokanar juna, ana jifa da taɓo. Yaran da a filina suke sa wa juna ƙafa.

Can na ji an ce, "Saura Koci!"

Na ɗaga kai na ga Bulus ya kamo layina daga can ƙarshe, wasu biyu a bayansa suna gyara gefe. Muka haɗu ba ma a tsakiya ba, kusa da inda nake. Ya sari sarar ƙarshe ya miƙe. Aka yi tafi. An gama zagayen farko, kuma ni ne na ƙarshe. Ba gardama, kowa ya gani.

Kaina ya kulle. Su goma suna tsaye suna kallona. Na ce a raina, to ai doka doka ce, ni na kafa ta, in na gudu mata yau na zama maƙaryaci. Na aje garma, na tsuguna a cikin taɓo tsakanin masara, na kama kunnuwana, na fara tsalle. Ɗaya. Biyu. Ba mai ƙirga min, sai na dinga ƙirga da kaina.

"Yesu!" in ji Maman Bulus, ta yar da muciya ta taho da gudu. "Me ya same shi? Farfaɗiya yake yi? Ku riƙe shi mana!"

Nedu ya faɗi ƙasa don dariya. "Mama, ba ciwo ba ne. Hukunci yake yi wa kansa. Shi ne ya zo na ƙarshe."

Ta tsaya, hannu a ƙugu, tana kallona. Ni kuma ina tsugune da kunnuwa a hannu, ban san in ci gaba ko in tsaya ba.

"Hukuncin me? Layin bai ƙare ba ne?"

"Ya ƙare, Mama," na ce.

"To?"

Na saki kunnuwana.

"Tashi, ɗana, kana tattake min masara. In ƙarfin tsalle ya rage maka, ga sauran layuka can suna jira."

Mun yi zagaye uku kafin azahar. A duka ukun ni ne na ƙarshe, a duka ukun an zo an tarye ni. A na ukun har na daina jin haushi, na fara leƙen hanya ina cewa ina suke ne. Da layin ƙarshe ya ƙare ta buɗe tukunya. Faten tsaki ne da yakuwa, an ɗan jefa gyaɗa. Ta juye a babban daro ɗaya. Ta ga Musa na ɗan leƙa ciki, ta ce, "Ci, Malam. Ba nama a ciki, balle ka tambayi wanda ya yanka. Mu ma rabonmu da shi tun Ista." Muka kewaye daron, hannu goma sha ɗaya, fate na ƙona yatsu, tsamin yakuwa na shiga inda hannuna ya fashe. Na ci abinci a wurare da yawa daga baya, har da otal mai sanyi, amma ban sake jin abu ya sauka a cikina kamar ranar ba. Na lura Bulus yana ci a hankali, yana turo gefensa wajen ƙananan.

Muna wanke hannu a bakin kogi ya matso kusa da ni. "Koci, Litinin ka zo ka koya mana abin takardunka. Ni ban iya ba."

"To wai wane ne shugaba, ni ko kai?"

Ya yi tunani sosai. "Ban sani ba. Kai ka iya, ni aka zaɓa."

Na kwana biyu ina juya maganar nan, ban ga kanta ba. Har yau ma ban gama ganinsa ba.

Litinin na isa fili da leda cike da gutsattsarin ƙosai, na roƙi Umma ta tara min na kwana. Kowa ya samu ɗan abin da ya taɓa. Muka ɗumama jiki, muka yi na takarda, aka zo gudu. Ban ce komai a kan doka ba, don ban san ko ina da ikon faɗa ba. Muka tashi. A zagaye na uku na iso katanga na farko kamar kullum, na dafa ta, na tsaya. Ƙafata na son zama. Na hango Bulus can wajen mangwaro shi kaɗai yana jan jiki. Ban yanke shawarar komai ba, kawai na ga na juya. Na ji taku a bayana, Nedu ne, sai Musa, sai sauran. Muka same shi muka sa shi a tsakiya.

"Ɗaga gwiwa, Bulus, saki kafaɗa, ja numfashi ta hanci..."

"Koci," ya ce da ƙyar, "don Allah ka yi shiru. Iskar nake nema."

Muka iso katanga a dunƙule, ba tsari, ba kyan gani, ba kamar sojoji ba ko kaɗan. Sai muka ji an yi gyaran murya daga sama. Sani Dogo ne zaune a kan katangar, ƙafafunsa na lilo, da wasu biyu cikin waɗanda suka gudu. Ashe labarin gona ya zaga unguwa.

"Habu," ya ce, "an ce wai ka yi tsallen kwaɗo a cikin masara."

"An yi haka."

"Kai, na yi asara da ban gani ba." Ya karkaɗa ƙafa. "To yanzu in mutum ya zo na ƙarshe, me ake masa?"

Na kalli Bulus. Bulus ya kalle ni, yana dafe da gwiwa, ko magana ba ya iyawa.

Na ce, "Zuwa ake a ɗauko shi."

Sani ya cire silifas ɗinsa ya jefo ƙasa, ya diro.